Sonatocin Scarlatti: wane faifai za ka fara saya?

Domenico Scarlatti, marubucin kiɗa ɗan Italiya, ya bar sonata 555, wato kiɗan da ba waƙa a ciki, na kayan kiɗa mai madannai, yawancinsu gajeru, daga minti biyu zuwa shida ko bakwai. Wanda ya ji guda ɗaya ta shiga ransa, ya leƙa intanet da niyyar saye, nan take zai rasa ta inda zai kama. Ga akwati mai faifai 34, ga faifai guda mai sonata 15. Wannan da piyano aka kaɗa shi, wancan da hafsikod, wani tsohon kayan kiɗa mai kama da piyano. Wani an sa masa lamba mai harafin K, wani mai harafin L, alhali kiɗan ɗaya ne. Shawarata ita ce ka ajiye tambayar wane makaɗi ya fi tukuna. Ka ware sonata ɗaya, ka san ta ciki da bai, sannan ka riƙa auna kowane faifai da ita, don kada ka yi cinikin biri a sama. Wadda na zaɓa don wannan aiki ita ce K. 380, saboda tana cikin waɗanda aka fi ɗauka a faifai, kuma halinta a fili yake ko ga kunnen da bai saba da irin wannan kiɗa ba.

An haifi Scarlatti a Napoli ta ƙasar Italiya a 1685, shekarar da aka haifi Bach da Handel. A lokacin mahaifinsa Alessandro ne mai suna, da wasanninsa na opera. Ɗan ya yi aiki a Rum, har ya shugabanci mawaƙan babban cocin Bitrus na fadar Paparoma, daga baya ya tafi Lisbon wajen 1719 ya shiga hidimar Sarki João V na Fotugal. Can aka damƙa masa 'yar sarki, Maria Barbara, ya koya mata kiɗa. Da aka aurar da ita ga yariman Sifaniya a 1729 sai ya bi ta, ya yi shekara huɗu a Seville ta yankin Andalus, sannan suka koma Madrid, inda ya rasu a 1757. Mafi yawan sonatocin dominta aka rubuta su. Ɗaliba guda, a cikin fada, amma kiɗan cike yake da abin da kunnensa ya kwaso a titunan Sifaniya: kaɗin gita, tafi, bugun ƙafar masu rawa, ƙahon mafarauta.

Ka kuma san cewa sonatar Scarlatti ba irin ta Mozart ko Beethoven ba ce mai babi uku ko huɗu. Tasa babi guda ce da aka raba gida biyu, kuma an sa alamar a maimaita kowane rabi. Wannan maimaici zai dawo mana in mun zo maganar ciniki.

A saman K. 380 an rubuta Andante comodo, wato a tafi a tsanake. Bugu uku ne a kowace gaɓa. Tana buɗewa da ɗan gajeren kira a sama mai karkarwar sauti, sai a maimaita shi daga ƙasa kamar ana amsawa. Ana cikin wannan kira da amsa sai wani bugu ya shigo, dogo ɗaya gajeru biyu, ana ta nanata shi a kan sauti guda, sama kuma ana busa wani abu mai kama da ƙaho. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar hawan Sallah, ya ji kakaki da tambura tun daga nesa kafin ya hango dawakin sarki, zai gane abin da ke faruwa a nan. Shi ya sa daga baya aka laƙaba mata sunan Cortège, ayarin girma, duk da ba Scarlatti ne ya raɗa mata shi ba. A rabi na biyu sai fuskar kiɗan ta ɗan canja, ya shiga sautuka masu duhu, kamar ayarin ya bi ta wani lungu, kafin busar ta dawo ta rufe.

Abu uku nake saurara in makaɗi ya kama ta. Na farko tafiyar: in ya yi gaggawa ayarin ya zama tsere, in ya ja ta da yawa ya zama rakiyar gawa, kuma duka biyun akwai masu yi. Na biyu, yadda yake bambanta kira da amsa, da yadda yake sa ka ji busar tana matsowa. Na uku, ko yana maimaita kowane rabi, in kuma yana yi, ko zagaye na biyu yana da wani sabon abu. Na ukun nan ko ba ka saurara ba, za ka gane shi daga tsawon da aka rubuta a bayan faifai. K. 380 ba maimaici wajen minti uku ce, da maimaici duka tana kai biyar zuwa shida. Faifan da ya cusa sonata da yawa a awa guda, sau da yawa maimaicin ya yanke.

Babbar mararraba ita ce tsakanin hafsikod da piyano, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci.

Hafsikod kamanninsa na piyano ne, amma cikinsa daban. In ka danna madanni, wani ɗan tsinke ne yake tsinkar tsirkiya, a da da gashin tsuntsu ake yin sa, yanzu galibi da roba. Piyano kuwa guduma ce mai laushi take dukan tsirkiyar. Sakamakon haka, a hafsikod ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, ƙarar kusan ɗaya ce, kuma sautin yana fita da kaifi ya mutu da wuri. To ta yaya makaɗi zai sa ka ji ƙarfi da taushi? Ta yawan sautukan da ya haɗa a lokaci guda, ta jinkirta wani sauti da ɗan ƙiris, ta watsa sautukan ɗaya bayan ɗaya maimakon ya dake su tare, ko ta komawa jeri na biyu na madannai in kayan yana da jeri biyu. Scarlatti ya san wannan sarai, da shi ya yi gini. Yana da ɗabi'ar cusa sautukan da ba sa jituwa a dunƙule guda a hannun hagu, kamar a K. 119 da K. 141 da K. 175. A hafsikod dunƙulen nan yana fashewa kamar an share tsirkiyoyin gita da farce gaba ɗaya, ya wuce nan take. A piyano na zamani, mai nauyin sauti da dogon amo, in makaɗi bai yi hattara ba sai ya zama gunji kawai.

Piyano kuma yana da abin da hafsikod ba zai taɓa ba ka ba. Busar K. 380 tana iya farawa can ƙasa-ƙasa ta riƙa girma har ta iso gabanka. Sonatoci masu sanyin jiki irin K. 87 da K. 466 suna rera waƙa a piyano, sauti yana riƙe da ɗan'uwansa. Masu cewa kaɗa Scarlatti da piyano cin amanarsa ne sun yi zafi da yawa. A lissafin kayan da Sarauniya Maria Barbara ta bari akwai kayan kiɗa masu madannai 12, biyar daga ciki piyano ne ƙirar Florence, garin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro piyano wajen 1700. Ashe Scarlatti ya san piyano, yana gidan da yake aiki. Sai dai a lissafin nan dai an nuna biyu daga cikin biyar ɗin an mayar da su hafsikod, kuma madannansu ba su kai yawan da wasu sonatocinsa na ƙarshe suke bukata ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai riƙe, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Gargaɗi biyu kafin ka yanke wa hafsikod hukunci. Kada ka saurare shi ta lasifikar waya, domin kaifin kawai za ta ba ka ta zubar da jikin sautin, ka ce ƙarafa ake karkaɗawa. Ka sa abin kunne mai ɗan kyau. Sannan in ka ji sonatar ta sauka ƙasa kaɗan idan aka kwatanta da ta piyano, faifan lafiyarsa ƙalau. Masu hafsikod da yawa suna ɗaure tsirkiyoyin kayansu a kan ma'aunin tsayin sauti 415 maimakon 440 da aka saba a yau, bambancin kusan rabin mataki ne.

A ɓangaren piyano, sunan da za ka fara cin karo da shi Vladimir Horowitz ne. Faifansa na kamfanin Columbia na 1964, wanda yanzu yake hannun Sony, shi ya jawo mutane da yawa ga Scarlatti, kuma kafin ya ɗauka sai da ya nemi shawarar Ralph Kirkpatrick, masanin da ya fi kowa sanin sonatocin a lokacin. K. 380 ɗinsa da aka fi sani ita ce ta Mosko a 1986, lokacin da ya koma ƙasar haihuwarsa bayan shekara sittin, tana kan faifan Deutsche Grammophon na wannan taro. Yana da shekara 82 a lokacin, kuma taushin yatsunsa a wurin amsa abin a saurara ne sau da yawa. Aibin kawai, ɗaukar zaure ce da jama'a a ciki, da tarinsu da motsinsu.

Ivo Pogorelich ya fitar da sonata 15 a Deutsche Grammophon a 1992, K. 380 da K. 87 da K. 9 duk suna ciki. In faifai ɗaya tak za ka saya na piyano, wannan nake ba ka. Kowane sauti a tsaye yake da ƙafarsa, ba ya lulluɓe komai da feda, abin da ake takawa da ƙafa don tsawaita amo, kuma ayarin nasa yana tafiya da nauyi irin na manya ba tare da ya ja ƙafa ba. Wasu suna cewa akwai sanyin zuciya a ciki, kamar yana kallon kiɗan daga nesa. Akwai gaskiya a maganar, amma ga wanda yake son ya fara gane yadda aka gina sonatar, tsabtar nan riba ce.

Mikhail Pletnev kishiyarsa ne. Faifai biyu, sonata 31, kamfanin Virgin ya fitar a 1995, kuma ya ci kyautar mujallar Gramophone a shekarar da ta biyo. Shi bai damu da ya tuna maka da hafsikod ba ko kaɗan. Yana ja, yana saki, yana canja launin sauti a maimaici, wani lokaci ka rantse Chopin kake ji. K. 380 da K. 141 da K. 87 duk suna ciki, saboda haka kuɗinka ya sayi kaya da yawa. Ina son sa ƙwarai, amma ba na ba wa sabon shiga shi a farko, don in kunnenka ya saba da wannan kwalliya, sauran za su zame maka kamar ba gishiri. Yevgeny Sudbin, wanda ya fara da Scarlatti a kamfanin BIS a 2005, yana kusa da wannan hanya, har yakan ƙara nasa ado a kan abin da aka rubuta, kuma ɗaukar sautin BIS tana da kyau sosai. Akwai kuma Dinu Lipatti da ya ɗauki K. 380 da K. 9 a 1947. Sautin tsoho ne mai shuu, sonata biyu ne kacal, sai dai ka same su a cikin tarin ayyukansa. K. 141 kuwa, mai sauti guda da ake nanatawa da gudu kamar ana kaɗa mandolin, ka nemi bidiyon Martha Argerich, ta daɗe tana rufe taro da ita.

A ɓangaren hafsikod, Pierre Hantaï na Faransa shi ne mai wuta. Jerinsa na kamfanin Mirare ya fara a 2002, kuma faifai na farko yana da K. 141 da K. 175 da K. 208. A nan ne za ka ji dunƙulen sautukan da na ambata suna cizo yadda ya kamata. Ba ya lallashin mai sauraro, wani lokaci har gudun ya so ya yi yawa. Wanda ya ce hafsikod kayan barci ne, wannan faifan za a kunna masa. Wanda Landowska kuma, wadda ta farfaɗo da hafsikod a farkon ƙarni na 20, ta ɗauki Scarlatti a Faris a 1934, ta sake a 1940 ana tsakiyar yaƙi, har ana jin ƙarar bindigogin kakkaɓo jirage a bayan K. 490 ba ta tsaya ba. Kayanta ƙirar Pleyel ne mai ƙashin ƙarfe, sautinsa ya yi nisa da na zamanin Scarlatti. Wannan na tarihi ne, ka saye shi daga baya in abin ya kama ka.

Sai maganar akwati, wato cikakken 555. Scott Ross, Ba'amurke mazaunin Faransa, shi ya fara kammala su shi kaɗai, daga Yuni 1984 zuwa Satumba 1985, da haɗin gwiwar Radio France da kamfanin Erato, faifai 34. Ya rasu a 1989 yana da shekara 38. Har yau shi ne ma'auni: bugunsa daram, ba ya yawan ado, kuma ba ka jin gajiya a cikinsa duk da yawan aikin. Pieter-Jan Belder na ƙasar Holan ya yi nasa a Brilliant Classics daga 2000 zuwa 2007, faifai 36, kamfanin kuma sananne ne da araha. An ce araha ba ta ado, amma wannan ta yi. Belder ya fi Ross natsuwa, sautinsa ya fi sabunta, sai dai Ross ya fi shi sa ka gyaɗa kai. Kamfanin Naxos yana da nasa jerin da piyano, kowane faifai da makaɗinsa, don haka wani ya yi kyau wani ya zo daidai wa daida. A irin wannan gara ka tsinci ɗaya-ɗaya.

Akwati yana da fa'ida guda da faifan zaɓe ba shi da ita. Babu sonata ko ɗaya da ta iso mu da rubutun hannun Scarlatti. Abin da ake dogaro da shi manyan kundaye ne da aka kwafa a Sifaniya, 15 suna Venice, 15 suna Parma, waɗanda suka isa Italiya ta hannun mawaƙi Farinelli bayan rasuwar sarauniya. A cikinsu Kirkpatrick ya lura an jera sonatoci da yawa bibbiyu a kan ma'aunin sauti ɗaya, sau da yawa mai sanyi a gaba mai zafi a baya. K. 208 da K. 209 haka suke, K. 380 ma tana da abokiyar tafiya, K. 381, wadda masu piyano ba su cika kulawa da ita ba. A akwatin da ya bi lambar K za ka ji su a jere. Duk da haka ba na ba ka shawarar fara da akwati. Sama da awa 30 ne na kiɗa, kuma wanda bai san goma da kyau ba, ɗari biyar za su zame masa abu guda. An ciro zaɓaɓɓu daga aikin Ross a faifai guda, ka fara da wannan.

Game da lambobi, K ta Kirkpatrick ce, daga littafinsa na 1953, ita ake amfani da ita yanzu. L ta Alessandro Longo ce, wanda ya buga sonata 545 a kamfanin Ricordi a farkon ƙarni na 20. Tsofaffin faifai da L suke zuwa. K. 380 ita ce L. 23, K. 141 ita ce L. 422, K. 87 ita ce L. 33, K. 9 ita ce L. 413. Ka duba kafin ka biya, don kada ka sayi abu ɗaya sau biyu. Akwai ta uku mai harafin P, ta Giorgio Pestelli, ba kasafai za ka gan ta ba.

Ta wace hanya za ka mallake shi? Ga mai zaune a Kano ko Zinder, faifan CD sai an yi odarsa daga waje, kuɗin aikowa kuma yana iya fin kuɗin kayan. Manhajojin sauraro sun sauƙaƙa gwajin da nake magana a kai. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, YouTube kuma yana da yawancin waɗanda na lissafa. Ka rubuta sunan Scarlatti da lambar K da sunan makaɗi, domin in ka rubuta sonata kawai ɗaruruwa za su fito. Ka guji tarin da aka yi wa take irin na kiɗan karatu ko kiɗan barci ba tare da sunan makaɗi ba, wasunsu ma kwamfuta ce ta kaɗa. In sauke faifai za ka yi ka ajiye, shagunan intanet irin Presto Music suna sayar da sonata ɗaya-ɗaya. Ka tuna da data: cikakken akwati a tsarin FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, yana iya kai gigabayit 10 ko fiye. MP3 mai kyau ya ishi piyano. Hafsikod ne ya fi shan wahala in an matse fayil da yawa, saboda kaifin samansa shi ke fara lalacewa.

Wanda kuma yake koyon piyano yana son takardar kiɗan, a nan ne kyauta take iya cutarwa. Bugun Longo yana nan a shafin IMSLP ba ko kwabo, shi ya sa ya fi yawo. Amma Longo ya ƙara alamomin ƙarfi da taushi da Scarlatti bai rubuta ba, ya sake jera sonatocin yadda ya ga dama, kuma inda ya ga sautuka suna karo sai ya ɗauka kuskure ne ya gyara. Wato ainihin abin da ya sa Scarlatti ya zama Scarlatti shi ya goge. Zaɓaɓɓun sonata 60 da Kirkpatrick ya shirya wa kamfanin Schirmer a 1953, juzu'i biyu, sun fi aminci kuma kuɗinsu da sauƙi. Cikakken bugu mai inganci shi ne na Kenneth Gilbert a kamfanin Heugel, juzu'i 11, sai na Emilia Fadini a Ricordi, amma waɗannan na malamai ne da ɗakunan karatu. Henle ma yana da zaɓaɓɓu masu tsabtar bugu. Kafin ka sayi kowane zaɓe, ka duba jerin lambobin da ke ciki, domin ba kowanne ne yake da K. 380 ba.

Talatin na farko, K. 1 zuwa K. 30, su ne Scarlatti ya buga da kansa a Landan wajen 1738 da sunan Essercizi, ya kuma gaya wa mai karatu a gabatarwa kada ya nemi zurfin ilimi a ciki, wasa ne da fasaha. Kada kalmar wasa ta ruɗe ka, cikinsu akwai masu tsallaken hannu, hagu ya haye kan dama ya dawo da gudu, waɗanda suke ba ƙwararru ma wuya. Mai koyo ya fara da K. 32, gajera ce mai sanyi da ba ta wuce shafi guda ba, sai K. 208. K. 380 tana bukatar yatsun da suka iya karkarwar sauti da hannu biyu, K. 141 kuwa a bar ta sai hannu ya nuna.